Haƙarƙari A Ranar Ma'aikata

Nibia Olivera ta so ta taho da abinci. Tun ranar Litinin ta sayi nama ta yanka fale-fale, ta tanadi ƙwai da garin burodi, da niyyar ta soya ta jera a roba kamar yadda take yi duk sa'ad da tafiya mai nisa ta kama. Mijinta Heber ne ya hana.

"Babban birni za mu, tsohuwa, ba gona ba," in ji shi. "So kike mu sauka Montevideo muna warin mai kamar 'yan talla?"

"Laraba ɗaya ga watan Mayu ce fa. Ranar ma'aikata. Ko kare ba ya haushi ranar."

"A garinmu Tacuarembó ke nan. Montevideo ba ta rufewa. Ni da na zauna can nake gaya miki."

Zaman da Heber yake taƙama da shi shekara ɗaya ne da 'yan watanni, yana saurayi, lokacin da ya yi dako a tashar jiragen ruwa. An yi shekara arba'in da shida da wannan, kuma tun daga nan bai sake komawa ba, sai kiwon shanun mutane a arewa har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ita kuwa Nibia shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa yaran wata makarantar ƙauye abinci, sai bana ta ajiye ludayi. Don haka ne 'yarsu ta yanka musu tikitin mota, ta kama musu ɗaki na kwana uku, ta ce su je su huta su ga gari. Nibia ba ta son a fara tafiya da gardama, sai ta bai wa maƙwabciya naman, ta rufe bakinta.

Ranar Laraba da safe suka sauko daga ɗakinsu, suka tarar da takarda manne a ƙofar kicin ɗin masaukin: mai gida ta tafi wurin 'yar uwarta, karin kumallo sai gobe. Nibia ta karanta, ta sake karantawa da ƙarfi don wanda bai ji ba ya ji. Heber ya yi kamar igiyar takalminsa yake gyarawa.

"Gara ma haka," ya ce. "Ki bar cikinki da fili. Akwai wani gidan abinci na wani Basifaniye kusa da tashar jirgi, naman da yake gasawa ya kai tafin hannuna kauri. Can zan kai ki."

Suka raba biskit biyun da ya rage a jakarta, Heber ya maƙale fulas a hammata, ya riƙe ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke zuƙa da ɗan bututu, a hannu, suka fita.

Garin tsit. Babban titin da jiya da yamma ba ka jin maganar na kusa da kai saboda motoci, yau sai busassun ganyaye iska ke kora a kai. Sanyi ya fara shigowa. Suka tsaya a inda ake jiran bas, suka yi kusan rabin awa, sai wata mata da ta fito da karenta ta dube su da tausayi ta ce kada su wahalar da kansu, direbobi ma ma'aikata ne. Suka kama hanya da ƙafa. Duk shagon da suka wuce an sauke masa ƙofar ƙarfe. Mai burodi a rufe, mai shayi a rufe, har ɗan akwatin mai jarida an garƙama masa kwaɗo.

Heber yana gaba yana nuna mata gine-gine, yana faɗin abin da ke wurin a zamaninsa. Sau biyu ya ɓata hanya, sau biyun kuma ya ce titunan ne aka sauya. Wajen ƙarfe goma sha biyu ya tsaya a wata kusurwa, ya ɗaga kai yana duban ginin.

"Nan ne?" ta tambaya.

"Nan ne."

Nibia ta leƙa ta gilashi. Wayoyin hannu ne jere, da rigunansu kala-kala.

"To shiga mana, tsoho. Ka ce a gasa mana biyu, tawa kada ta ƙone."

"Ko waya za ki ci ai a rufe suke," ya ce, shi ma dariyar ta kufce masa.

Daga nan suka bi bayan wasu mutane masu tutoci, Heber ya ce inda duk aka yi taro ba a rasa mai gashin nama. Gaskiya ya faɗa, sai dai sun makara. Da suka isa taron ma'aikatan ya watse, mai gashin yana kankare ƙarfensa, ko albasa bai rage ba. Ruwan fulas ya ƙare. Ƙafafun Nibia sun fara zafi cikin takalmin da ta saya musamman don wannan tafiya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙamshi. Kowane gida suka wuce hayaƙi na tashi daga bayansa, kitse na ɗiga kan garwashi, ana jin dariyar mutane da ƙarar faranti ta bayan katanga. Garin nan kaf yana cin nama, ban da su biyu.

"Ka ji?" ta ce. "Wannan haƙarƙari ne."

"Na ji."

"Wancan kuma ƙoda."

"Nibia, don Allah."

"Naman da na bai wa maƙwabciya, yanzu haka sun cinye sun siɗe hannu."

Heber ya ci gaba da tafiya. Ta dube shi ta gefe, ta ga kunnuwansa sun yi ja, yana ɗan ɗingisa gwiwar hagu. Sai ta ji haushin ya sauka, ta saƙala hannunta a nasa, suka gangara wani ɗan titi da iskar ruwa ke hurowa daga ƙarshensa.

A can ne, wajen ƙarfe biyu, Heber ya ja ya tsaya kamar wanda ya ga ɗan uwansa.

Wani tsohon gini ne a kusurwa, an ɗage ƙofar ƙarfensa har sama. A bakin titi an jera tebur huɗu, kowanne da farin ƙyalle, an naɗe tsumman goge baki an tsayar a cikin kofuna, cokula da wuƙaƙe a jere kamar an auna da ma'auni. Gefe ga rabin ganga cike da garwashi, nama shimfiɗe a kai, wani ƙaton mutum mai tumbi yana juyawa. Tebur uku cike da mutane, na huɗu babu kowa.

"Me na gaya miki?" Heber ya ce, muryarsa ta dawo. "Montevideo ba ta rufewa!"

Kafin ta ce wani abu ya ja mata kujera, ya zauna, ya ajiye fulas, ya ɗaga yatsa. "Samari!"

Hirar teburan nan uku ta tsaya. Wani dogon mutum siriri mai furfurar gashin baki, wanda a ƙalla ya ba sittin baya, ya miƙe tsam tun kafin kalmar ta gama fita, kamar an ja shi da igiya. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya dubi baƙin, ya waiwayi sauran mutanen. Sai ya ɗauki tsumma ya rataya a hannu, ya gyara tsayuwa, ya ƙaraso.

"Barkanku da zuwa, ranku ya daɗe. Mutum biyu?"

"Biyu. Kawo mana takardar abincinku."

"Yau babu takarda, yallaɓai. Abin da ke kan wuta shi ke akwai."

"To haƙarƙari, da burodi da yawa. Ka hanzarta, uwargida tun safe ba ta ci komai ba."

"An gama, yallaɓai."

Wani a teburin gefe ya ƙware da abin da yake sha, matarsa ta shiga bubbuga masa baya. Nibia ba ta kawo komai a ranta ba, don a lokacin burodi ya iso, da ɗan kwano na yajin ganye da tafarnuwa cikin mai, kuma babu abin da take gani sai su. Sai da ta cinye guda biyu idonta ya buɗe. Farantinta mai furanni ne, na Heber fari ne mai tsaguwa a baki. Kofin da aka kawo mata na wata ƙungiyar ƙwallo ne. Wani kare yana kwance ƙarƙashin teburin kusa, wata yarinya tana ba shi ƙashi, ba wanda ya hana. Ta ce a ranta gidan abincin talakawa ne, kuma irinsu sun fi iya girki. Ta tambayi dogon mutumin ina banɗaki, ya nuna mata ciki da ladabi, ya ce ta miƙe sannan ta yi hagu.

Ta miƙe, ta wuce kujerun zama da talabijin, da hotunan yara cikin kayan makaranta a bango. Ta yi hagu, ta wuce wani ɗaki da ƙofarsa ke buɗe, ga gado an gyara, kyanwa na barci a kai. A banɗakin ta tarar da buroshin haƙori huɗu cikin kofi, da rigar barcin wani a rataye a ƙusa. Nibia ta zauna a bakin bahon wanka, ta dafe kai da hannu biyu.

Da ta fito, wata gajeruwar mata mai silifas tana jiranta a ƙofar kicin, hawaye na zuba mata saboda dariyar da take dannewa.

"Baiwar Allah, ki yafe mana," Nibia ta ce. "Wallahi ba mu sani ba. Mun ga tebura ne. Yanzun nan zan ja shi mu tafi."

"Ku tafi ina? Ki zauna nan 'yar uwa, kafin ki faɗi." Matar ta tura mata kujera. Ta ce sunanta Gladys, dogon nan kuma mijinta ne, Yamandú. Gidan nan a da shagon surukinta ne, shi ya sa yake da irin wannan ƙofa. Yamandú ya shekara talatin da takwas yana kai wa mutane abinci a manyan gidajen cin abinci na gari, kuma duk mazan da ke zaune a waje aikinsu ke nan. Rana ɗaya tak a shekara suke hutu tare, sai su taru a nan da iyalansu. "Kuma suna da doka. Yau ba wanda zai ɗaukar wa wani faranti. Wanda ya manta ya yi, shi zai wanke kwanuka duka. Shekara goma sha biyu ba wanda ya faɗa, sai yau da mijinki ya ɗaga yatsa. Kin ga yadda tsohon nawa ya miƙe? Jikinsa ne ya tashi, shi bai ma sani ba."

"Wayyo ni, kunya za ta kashe Heber."

"Kada ki gaya masa tukuna, don girman Allah. Bari mu ga iya inda zai kai."

Nibia ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta ji zafin ɗan yatsanta cikin sabon takalmi, ta tuna tafiyar awa huɗu da shagon waya.

"Minti goma," ta ce.

Ta koma ta tarar abin ya girma. Sauran mazan sun kasa jurewa. Ɗaya yana zuba wa Heber ruwa da hannu ɗaya a baya, wani yana share ɓurɓushin burodi daga kan ƙyalle, na uku ya cika musu fulas da ruwan zafi ya dawo da shi a kan tire. Matansu sun rufe fuska da tsumma, kafaɗu sai rawa suke. Heber ya jingina, ya sunkuyo wajenta.

"Kin gani? Mutum huɗu a kan tebur ɗaya. Wannan shi ne birni, tsohuwa."

"Na gani, tsoho. Lallai ka san gari."

Aka kawo haƙarƙarin. Heber ya yanka, ya kai baki, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Nibia ta san wannan fuskar. Ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, amma ina.

"Samari, zo. Hidimarku babu laifi, ban taɓa ganin irinta ba. Amma wa ya gasa wannan?"

"Wilmar ne, yallaɓai. Tumbi muke ce masa. Ga shi can."

"Ka gaya wa Tumbi waje ya ƙone, ciki jini. Wannan dabbar ta mutu a banza."

Wani daga teburin ƙarshe ya yi ihu, "Mun daɗe muna gaya masa!" Ƙaton ya taho da dogon cokali mai yatsu a hannu, gumi na tsiyaya daga goshinsa.

"Baba, daga ina?"

"Tacuarembó."

"Shi ya sa. Mutanen arewa kowa gani yake tare da saniya aka haife shi. In ka fi ni iyawa, ga wuta can."

Tumbi bai yi zaton za a amsa ba. Heber ya miƙe, ya tuɓe kwat ya miƙa wa Nibia, ya naɗe hannun riga. Gwiwar da take ciwo ɗazu ta warke. Ya karɓi shebur, ya janye garwashin gefe ya bar kaɗan a ƙasa, ya ɗaga ƙarfen sama da bulo biyu. Sauran haƙarƙarin da ba a taɓa ba ya kwantar da shi ƙashi na kallon wuta, ya barbaɗa gishiri mai tsakuwa, ya sa tafin hannu a sama yana jin zafin. Ya ce kada wani ya kuskura ya taɓa sai ya faɗa. Mazan suka kewaye shi, ƙoƙon mate na zagawa hannu zuwa hannu, ana ta musu a kan itacen da ya fi ba da garwashi. Har Tumbi ya jawo kujera ya zauna, ya ce wannan ne hutun ranar ma'aikata na farko da ya samu.

Minti goman Nibia ya zama awa guda. Ana sauke naman ke nan sai ga wata tsohuwa tukuf ta fito daga cikin gida da sanda, mayafin ulu a kafaɗa, alamar yanzu ta tashi daga barcin rana. Mahaifiyar Yamandú ce, Doña Eulogia. Ta bi kowa da kallo, ta tsaya a kan Heber.

"Yamandú, wannan ɗan uwan waye yake mana wasa da wuta a ƙofar gida?"

"Baƙo ne, Mama."

"Baƙon wa? Na Gladys?"

"Baƙon gidan abinci ne, Mama."

"Wane gidan abinci? Shekara sittin ina kwana a gidan nan, yaushe ya zama gidan abinci ban sani ba?"

Heber ya tsaya da wuƙa a hannu. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙofar, ya hango talabijin da hotunan yara. Ya dubi silifas ɗin Gladys. A ƙarshe ya dubi matarsa, wadda ta kifa kai a kan tebur tana bugun ƙyalle da hannu.

"Kin sani?"

"Tun daga banɗaki," ta ce da ƙyar.

Wurin ya fashe. Tumbi ya kusa faɗowa daga kujera, karen ya tashi yana haushi, maƙwabta suka leƙo ta taga. Heber ya cire hularsa, ya riƙe a ƙirji, jan kunnuwansa ya sauko har wuya. Ya je gaban Doña Eulogia ya ce ta gafarce shi, shi baƙauye ne, yunwa ce ta rufe masa ido. Sannan ya juya wajen Yamandú.

"Kai kuma, bawan Allah, na kira ka samari a ƙofar gidanka."

"Malam Heber, shekara talatin da takwas ana kirana haka. Kai ne na farko da ya ce bai taɓa ganin hidima irin tawa ba, kuma a gaban abokan aikina. Zauna mu ci."

Tsohuwar ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Hannu ta miƙa, aka yanka mata tsoka daga jikin ƙashi. Ta tauna a hankali, kowa ya zuba mata ido.

"Wannan haƙorana sun iya," ta ce. "Wilmar, baɗi ka kawo burodi kawai."

Aka haɗe teburan huɗu suka zama ɗaya. Naman yana saɓulewa daga ƙashi, kitsen ya yi ƙus-ƙus. Aka fito da latas da tumatir, da dankali gasasshe, da jar giyar inabi ga masu sha. Nibia ta ci har sai da ta zare takalman a ƙarƙashin tebur ta jingina. Mazan suka shiga ba da labaran baƙin da suka yi wa hidima, da wanda ya mayar da miya don ta yi zafi, da wanda ya nemi aure ya manta zoben a cikin mota. Heber ya ba da labarin Basifaniyen nan, sai wani dattijo a cikinsu ya ce ai ya san shi, kuma naman nasa bai kai rabin tafin hannu ba. Aka sake kwashewa da dariya.

Da aka gama, Nibia ta miƙe ta fara tattara faranti, don hannunta bai san wani abu ba sai wannan. Gladys ta kama ta ta zaunar.

"Ke ba ma'aikaciya ba ce? Zauna. Ga masu laifi can."

Yamandú da abokansa uku suka ɗaura zanen kicin, suka yi layi suka shige ciki da tulin kwanuka, matansu na tafa musu. Nibia ta zauna hannu a cinya, ɗaya daga masu laifin ya kawo mata gahawa da ɗan kayan zaƙi a faranti, ba ta san me za ta yi da kanta ba. Ta ji idonta ya cika, ta ce hayaƙi ne.

Can da la'asar aka jiyo ganguna daga ƙasan titi, 'yan unguwa sun fito da kiɗa. Kowa ya tashi ya bi. Doña Eulogia ta miƙa wa Heber sandarta ta ce ya riƙe, ta kama hannunsa ɗaya, suka yi ta taka rawa a hankali a bakin titi, Nibia da Gladys na biye da su suna yi musu tsiya. Kafin rana ta faɗi Tumbi ya mayar da su masauki a tsohuwar motarsa, da ragowar nama a naɗe cikin takarda. Wajen sallama Heber ya ce duk wanda ya isa ya zo Tacuarembó lokacin askin tumaki ya ga yadda ake gasa rago. Nibia ta ɗauka irin maganar rabuwa ce da ba a cikawa.

A watan Oktoba, wata Asabar da hantsi, ƙaramar bas ta tsaya a ƙofar gidansu. Mutum tara suka sauko, Gladys a gaba tana kiran sunanta, Tumbi a baya rungume da buhun burodi. Heber ya ƙirga su daga inda yake tsaye kusa da ragon da ya riga ya yanka, ya koma garke ya kamo rago na biyu.